Samfurin Talata

Shekara ashirin da uku a Dawanau
ina soka ƙarfe a gefen buhun riɗi,
in tari abin da ya zubo a tafi,
in hura, in murza, in kai haƙori.
Tafi guda ya ishe ni in yanke wa tirela hukunci,
ba mai ja da abin da na gani.

Yau ga ni a benci, asibitin Malam,
tun masu shayin titin Zariya ba su gama hura wuta ba.
Sagiru ya ɗaure mini dantse da roba,
ya laluba jijiya, ya ce, "Baba, kau da kai."
Ban kau ba.
Ni ne buhun yau:
kwalba biyu, ko cokali uku bai cika ba na jini.

Kaluluwa ce ta fara, a wuya,
kamar gurjiya ƙarƙashin fata, ba zafi, ba zogi.
Sai gumin dare ya riƙa jiƙa matashi,
tazugen wando ya riƙa yin saura.
Aka yanki tsoka, aka ce daji ne.
Har yau sunan bai zauna ba a bakin Uwani.

Dakta Bara'atu ba ta kife takarda.
Takan juyo ta gabana, ta bi layi da biro:
"Nan jajayen ne, sun yi ƙasa, shi ya sa kake haki.
Nan farare, gida biyu,
ina duba wane gida ya rinjayi wane.
Waɗannan haruffa uku hayaƙi ne,
in ya tashi sama, wuta na ci a ciki.
Na ƙarshe guzurin jikinka,
shi zai ce ko za ka ɗauki nauyin magani."

Ba injin miliyoyi ba ne, in ji ta,
awon da ake wa mai zazzaɓi ne, mai ciki ma ana yi mata,
ido ne kawai ya koyi karatunsa.
Na ce, "To karanta mini, zan ga kakar riɗi?"
Ta ajiye biro.
"Takardar nan labarin mutum ɗari take bayarwa
masu lamba irin taka.
Kai kuwa ɗaya ne.
Wane layi ka faɗa a cikinsu, wannan ban sani."

Malam Tasi'u na Gwammaja, mai gyaran agogo,
benci ɗaya muke, ranarmu ɗaya.
Lambobinsa tas, har yana tsokanata,
wai in ara masa hayaƙina ya kori sauro.
Kafin azumi muka kai shi.
Ni mai jan biro a layi uku
ni na riƙe masa ƙafar makara, hannuna da rauni.

Daren nan na tuna wani manomi daga Maigatari.
Buhu goma sha ɗaya ya kawo,
ƙarfena ya faɗa kan yashi a na farko,
na ce a mayar duka.
Ya ce, "Soka wani." Na ce ba ni da lokaci.
Ya tsaya riƙe da hula har la'asar.
Ban san sunansa ba.
Ya zo ya zauna mini a tunani.

Ban ce awo ƙarya ba ne.
Da shi na gina ɗaki uku a Kurna,
da shi likita ta san ranar da za ta ɗaga mini ƙarin ruwa,
ta ce a ba ni ƙwai da zogale, a jira mako.
Tafi yana faɗin gaskiyar tafi,
tsakiyar buhu tana wajen Mai mizani.

Yau hayaƙi ya sauka kaɗan.
Jajaye sun ƙara ɗaya, ɗaya tak.
Na ninke takardar huɗu, na sa a aljihu,
na sayi lemo na ɗari biyu a bakin ƙofa,
na tari adaidaita zuwa Kurna.
Sagiru ya biyo ni da murya: "Sai Talata, Baba!"
Na ce, "In da rai,
wannan karon ka soka ɗaya hannun, ka sake auna ni."