Gahawa a Bashcarshiya

Na sauka Sarayebo da takarda a aljihu,
wurare goma sha ɗaya na jera,
kowanne da sa'arsa, kamar shan magani.
Kubura ta ce: Kai dai ko hutu ka zo
sai ka buɗe wa kanka ofis.

Kogin Milyaska bai kai labarinsa ba,
ruwa iya gwiwa, ja kamar an wanke tukunya,
amma gadoji sun durƙusa masa ɗaya bayan ɗaya.
Na ɗauki hoto. Na ja layi a takarda.

A layin maƙera tagulla na kuka tun safe,
ƙwal, ƙwal, guduma a kan faranti.
Wani dattijo, Nusret, gashin baki fari fat,
ya miƙo mini alƙalami mai nauyi.
Kwanson harsashi ne, in ji shi,
tsaunukan can suka yi ta aiko mana,
har muka rasa inda za mu zuba.
Na sayi biyu. Bakina ya kasa tayawa.

Bayan azahar hayaƙi ya ja mu ta hanci
zuwa wata rumfa mai tebur uku.
Cebapi: niƙaƙƙen nama, mulmule kamar yatsu,
guda goma cikin gurasar da ta sha romo,
ɗanyar albasa a gefe, da kaimak,
wani abu tsakanin man shanu da kindirmo
da ya narke kafin in gama bisimilla.
Na nemi yaji, yaron ya kawo gishiri.
Kubura ta zuge jaka a ƙarƙashin tebur:
ashe ƙasa uku ta ƙetare da ƙullin yajinta.

Saura bakwai a takarda. Na ce mu tashi.
Sai mai rumfar, Sabaheta, ta dire tire:
'yar butar tagulla, kofuna marasa kunne,
sukari ƙwaya biyu, alewa mai ƙamshin fure.
Na kai hannu zan kwankwaɗe.
Ta ɗaga yatsa. Polako, ta ce. Sannu-sannu.
Ciji sukarin, bar shi a kan harshe,
jira garin ya kwanta a gindin buta.

Ta ja kujera ba wanda ya ce ta zauna.
Da guntun Turancinta da guntun namu
muka ci kasuwar zance:
yadda take ɗebo ruwa a guje, jarka biyu, kai a sunkuye,
yadda ta soya sha'ir ta raɗa masa suna gahawa,
yadda ta ƙona ƙofar kabad, sannan littattafai,
sannan takalma, don miyar ganye ta tafasa.
Ba ta yi kuka ba. Wajen takalman ma dariya ta yi:
na mijinta, in ji ta, sun fi daɗewa suna ci.
Na buɗe baki zan tambayi ina mijin,
Kubura ta taka mini ƙafa.

Buta ta biyu ta zo. Ba mu muka kira ta ba,
ba ta kuma shiga lissafi ba.

Da muka fito, rana ta jingina da kaburbura,
farare tas, sun hau tudu kamar tumaki a makiyaya.
Agogon hasumiya ya ce sha biyu saura kaɗan,
nawa ya rantse ko takwas ba ta yi ba.
Shi daga faɗuwar rana yake soma ƙirga.
Tattabaru suka tashi fuu da kiran salla,
ƙararrawar coci ta taso daga bayan layi,
mai sayar da gasasshiyar masara bai ko ɗaga kai ba.

Na laluba takardata. Gahawa ta ɗiga mata,
bakwai ɗin sun haɗe sun zama tabo guda.
Kubura ta ce: Gobe ma rana ce,
amma abinci dai, can za mu koma.

Da alƙalamin Nusret nake wannan rubutu.
Yana gajiyar da hannu,
tawadar kuma sai ta ga dama take zuba.