Kwaɗon A-Kori-Kura

Tun ranar da aka sauke min injin yankan tayil
daga bayan mota, a bakin kanti, da rana tsaka,
na san kwaɗon ƙofar baya ya daina kuka.
In na danna rimot, ƙofofi huɗu su amsa,
ta biyar ta yi gum
kamar wanda ake bi bashi.

Bakanike a titin Salem ya leƙa, ya sosa ƙeya,
ya ce dala ɗari uku da ashirin, in dawo Talata.
Na ce sai na yi shawara.
Shawarar ta iso cikin ɗan kwali,
ɗan aike ya ajiye ta a bakin ƙofa,
dala talatin da takwas har da ladan kawowa.

Asabar, Dayton, bayan la'asar,
sanyi ya cinye rabin yatsuna.
Na kwantar da ƙofar kamar akuyar da za a feɗe.
Sukuru takwas masu kan tauraro:
shida suka fito girma da arziki,
na bakwai sai da na lallashe shi da mai,
na takwas kuwa gishirin titi
ya ɗaura masa aure da tsatsa,
shekara tara ba yaji, ba saki.

Nusaiba ce riƙe da tocila,
haske na yawo ko'ina ban da inda nake so.
"Baba, don me ba za ka kai wa mai gyara ba?"
Na ce, kakanki Jafaru a Tasawa
kwaɗo yake gyarawa a gindin bedi,
jarinsa guduma da kunne.
Yakan kara shi a kunne, ya girgiza,
ya ce wa mai shi, wannan ciwon ciki ne.
Ta ce, "Kwaɗon ruwa?"
Na yi dariya har sukuru ya suɓuce cikin ciyawa.

Da na ɗaga marfin, ga kayan ciki:
tsinken ƙarfe biyu, waya, garin siminti,
ɓawon gyaɗar da wani ɓera ya yi wa rumbu,
sai shi gogan, baƙi, bai cika tafin hannuna ba.
Wai wannan ne ya ci min injin dala ɗari shida.

Na ɗauki hoto kafin in taɓa komai,
don mantuwa ba ta yin sallama.
Na zare fulogi, na banƙare ɗan maƙalin roba,
ya ce ɓas, ya rabu biyu.
Wata kalma ta kuɓuce min.
Nusaiba ta tambayi ma'anarta,
na ce sunan wani ƙauye ne.

Tsoho Wendell ya leƙo ta kan shinge,
ya juya bai ce uffan ba,
ya dawo da gwangwanin kofi
cike da maƙalan motocin da suka mutu
tun kafin a raɗa wa Nusaiba suna.
Na uku ya zauna daram.
Ko godiyar bai tsaya ji ba,
wai gwiwoyinsa ba sa shiri da sanyi.

Noti biyu. Fulogi ya koma gidansa.
Ban rufe marfin ba tukuna,
mai gaggawa sau biyu yake kwance ƙofa.
Na miƙa mata rimot.
Ta danna.
Tsinke ya zabura gaba, ƙwas!
Ta danna, ya dawo.
Sau goma sha ɗaya tana dannawa
har Balaraba ta buɗe taga ta ce
mu bar kwaɗo ya huta, tuwo na hucewa.

Sukuru bakwai na mayar.
Na takwas na cikin ciyawa, sai ƙanƙara ta narke.
Injin tayil dai bai dawo ba.

Amma bayan isha na fito da silifa,
unguwa tsit, numfashina na hayaƙi,
na kara kunne a jikin ƙarfen
na danna sau ɗaya.

Ka ji shi, Baba?
Cikinsa ya warke.