A Kan Rufin Gidan Ummu Rabab

Ƙarfe biyu na rana a Basra.
Tsuntsaye sun bar kuka, sun hangame baki kawai.
Na hau tsani da jakar kayan aiki a wuya,
ƙarfen yana cizon tafina
ta cikin tsumman da na naɗa.

Daga tsakar gida Ummu Rabab ta ɗaga murya:
"Munzir, ba kai ka ce sabuwa ce ba?
Awarwarona biyu na sayar na saye ta!
Tun asuba take gurnani,
ɗakin kuwa kamar cikin tanderu."

Ban amsa ba tukuna.
Ga na'urar a tsugune a tsakiyar rana,
fankarta na juyi kamar mai neman hanyar gudu.
Na taɓa bututunta, na fizge hannu.
Na auna, na sake aunawa.
Lafiyarta ƙalau.
Abin baƙin cikin ke nan.

Hajiya, ba sanyi take haifa ba.
'Yar dako ce.
Zafin ɗakinki take ɗorawa a ka,
ta biyo siririn bututu,
ta hau nan ta sauke wa iska.
To, yau iska ta ce ta ƙoshi.
Digiri hamsin da ɗaya a inuwa,
a kan simintin nan kuwa kar ki tambaya.
Wa zai ƙara ruwa a tulun da ya cika ya batse?
Ta kai kaya, mai karɓa ya tura ƙofa,
ta tsaya da su a ka, wuya na rawa.

Waɗanda suka ƙera ta
sun gwada ta da rana mai kunya,
ba irin tamu ba.
Tana kwashewa da ludayi,
rana na zubowa da masaki:
ta bango, ta rufi, ta tagar yamma,
ta tukunyar shinkafarki da ke kan wuta.
Ga iskar kogi ta taso jiƙe sharkaf,
sai ta matse ruwan da ke cikinta
kafin ta waiwayi zafi.
Ki dubi ɗigon da ke bin bangonki,
guminta ne.

Ga wutar lantarki ma ta rame.
Unguwa guda ta kafa baki a waya ɗaya,
kowa na tsotsa.
Injin ya yunƙura, ya faɗi,
ya huta, ya sake yunƙurawa.

Na wanke mata haƙarƙari,
laka ta gangaro ja-ja-ja.
Na kafa mata rumfa da tabarmar dabino,
na ɗaga ta sama don numfashi ya samu hanya.
Iyakar ikona ke nan.

Na sauko. Tsohon yana kwance kusa da bango,
ƙirjinsa na hawa da sauka a hankali,
jikarsa Ibtihal na jiƙa masa goshi.
Na ce: ku rufe sauran ɗakunan,
ku taru a nan, ku saki labule.
Ku daina danna sha shida,
bulala ba ta ƙara wa gajiyayye ƙafa.
Ku bar ta a ashirin da bakwai,
in rana ta faɗi za ta tuna da ku.

Ummu Rabab ta dube ni ta ce,
"Wato ba abin da ya lalace?"
Na ce babu.
Ta ce, "To me zan biya?"

Tsohon ya buɗe ido ɗaya.
"Ba shi dabino," in ji shi.
"Wannan zafin ne ke nunar da shi."

Na fito lungu ina taunawa.
Hagu da dama, sama da ƙasa,
na'urori na hura min wuta a fuska,
kowane gida na tura zafinsa waje,
maƙwabci na miƙa wa maƙwabci.
Wayata ta yi ƙara.
Gida na tara tun safe.