Abin da Ruwa Ya Riƙe

Ta zo daga Antananarivo da takalman roba,
Voahirana, 'yar siririya, jakarta ta fi ta nauyi.
Na ce, "Wace dabba kike so in kai ki gare ta?"
Ta ce, "Baba Ralaivao, kai ni bakin ruwa."

Shekara arba'in ina ratsa dajin nan da baƙi,
masu neman varika, birinmu mai idon mujiya,
suna ɗaga kai har wuya ya ƙage,
da masu ƙirga hawainiya da fitila a goshi.
Ban taɓa ganin mafarauci da sirinji ba
sai ranar, a gaɓar Namorona, ana yayyafi da tsawa.

Ta zuƙi ruwa, ta matsa shi ta wata rariya
wadda ba ta fi faɗin kwabo ba.
Ta ce duk abin da ya sha, ko ya yi wanka,
ko ya zubar da ɓawo, ko yauƙi, ko ƙwai,
ya sa hannu a nan bai sani ba:
kifi, ƙaguwa, gansakuka, har wanda ido ba ya ganowa.

Na yi dariya har matsattsaku ya saki ƙwaurina.
Kwalba uku muka tace. Ɗaya ƙasan gonakin shinkafa,
ɗaya a gindin gada,
ɗaya can sama inda dutse ke zufa,
inda ko sa ba ya iya hawa.

Wata bakwai, ta dawo da takarda.
Iri ɗari huɗu da sha ɗaya, in ji injinsu,
casa'in a ciki ba su da suna a kowane littafi,
lamba kawai, kamar 'yan fursuna.
Na ce, "Rashin sunan a wajenku yake, 'yata.
Karanto min kwaɗin, ko su nawa."

Don akwai wani, bai kai kan ɗan yatsa ba,
yana fito sau biyu, ya yi shiru, ya ƙara ɗaya.
Razanamino ba ta dasa shinkafa sai ta ji shi.
Shekarar da na cinna wa gangaren wuta,
ga yara shida, ga rumbu ba ko ƙwaya,
ya daina. Bayan damina uku ita ma ta daina.
Ban gaya wa kowa ba cewa tare nake musu kewa.

Kwalbar ƙasa, babu. Ta gada, babu.
Ta sama: wani kwaɗo, an san danginsa, shi ba a san shi ba.
"Shi ne?"
"Ban sani ba, Baba. Ruwa ba ya ɗauko murya.
Ba ya ma faɗin wa ya bar alamar,
mai rai ne ko gawa."

Muka hau da dare, ni da ita da jikata Tsinjo.
Ta rataye na'urar sauti a reshe, muka kashe fitila,
sauro ya ci rabonsa.
Kunnuwana sun tsufa. Dajin da na sani mai surutu
ya koma kamar hira a bayan bango.
Ba na jin komai sai kogi yana wucewa.

Can Tsinjo ta damƙi hannuna.
Ta haska fuskarta da waya don in ga bakinta,
ta tsuke leɓe, sau biyu. Ta tsaya.
Ni ma na tsaya, ban ja numfashi ba.
Ta ƙara ɗaya.
Voahirana na rubutu cikin duhu, alƙalamin na rawa.

Ta ce sai sun kama ɗaya, sun auna, sun gwada,
shekara biyu ko fiye kafin a raɗa masa suna.
Na ce ku yi ta awonku.
Ni da asuba zan gangara gun surukata,
ta ɗauko kwando, ta naɗe zane zuwa gwiwa,
lokaci ya yi na dasawa.