Kujera Goma Sha Ɗaya

Ran Asabar Osvaldo ya fito da igiya da turaku,
fensir a bayan kunne, ma'auni a aljihu,
ya tsaya bayan gida kamar mai rabon gado.
Ni ina bakin ƙofa da ƙoƙon shayin mate,
ina kallon tsoho yana auna iska.

"Nelida, nan za a gina murhun gashi,
da jan bulo, bayansa ga yamma,
kada iskar da ke gangarowa daga duwatsun Andes
ta kora mana hayaƙi ɗakin kwana."
Na ce, "Shekara talatin ina shan hayaƙinka,
sai yau ka tuna ina da hanci?"
Ya yi dariya, ya buga turke.

Daga kicin zuwa tebur, ya ce taku bakwai.
Na taka, na samu goma.
Ƙafar mai ɗauke da faranti
ba ita ce ƙafar mai zane ba.
Ya lashi yatsa ya goge, ya matso da layi.

A nan Mendoza ta arewa rana take ratsawa,
a Disamba har kwalta sai ta yi gumi.
Don haka rumfar inabi, ginshiƙi shida:
ganye ya lulluɓe mu lokacin zafi,
da sanyi ya kakkaɓe, ya bar mana hantsi.
Ruwan lambatun da ke bin bakin titi
ran Talata ne rabonmu;
za a ja masa 'yar hanya har gindin kowace kurangar inabi.

Sai igiya ta ci karo da ɓaure.

Mahaifiyarsa ta dasa shi shekarar da ƙasa ta girgiza.
Ya karkace yadda ita ma ta karkace daga baya,
yana zubar da 'ya'ya, ƙudaje na shan biki.
Zane ya ce a sare.
Osvaldo ya daɗe yana naɗa igiya a yatsa,
yana warwarewa, bai ce uffan ba.
Na ajiye ƙoƙo, na tuge turken da hannuna,
na zagaya da igiyar ta gaban itacen.
Daɓen zai fito da ƙusumbi. To, ya fito.
Mu ɗin ma ai ba a miƙe muke ba.

Da la'asar muka zauna da takarda.
Kuɗin siminti na Litinin ba shi ne na Juma'a ba.
Tafkin ninƙaya ya nutse tun a shafin farko,
dutsen daɓe mai sheƙi ya bi bayansa.
Fitilu dai na kafe a kansu:
ƙanana, jere a waya, masu hasken zuma,
don in riƙa ganin wanda bai cinye nasa ba.

Can ƙasa ya rubuta: kujera goma sha ɗaya.
Mu biyu ne a gidan nan, sai kare.
Na ƙirga: Ramiro da matarsa da tagwaye,
in hanyar Cordoba ta sake su;
ƙanwata Amalia da mijinta mai gardamar ƙwallo;
maƙwabci Evaristo, da ƙamshi kaɗai ke gayyatarsa;
Delfina, can hayin teku,
shekara huɗu muna ganinta a gilashin waya.
Goma ke nan har da mu.
"Ta sha ɗayan fa?"
Ya ce, "Ba ki ji muryar namiji a bayanta ba
ran da ta kira, tana cewa talabijin ne?"

Dare ya yi, ko bulo ɗaya ba a aza ba.
Igiya ce kawai fara a kan ƙasa,
da turaku, da ramin inda na tuge ɗaya.
Muka ɗauko kujeru biyu daga kicin.
Na ɗaga ƙafa zan tsallake layi,
ya riƙe mini gwiwar hannu:
"Haba, ta bango? Ga ƙofa can."
Muka zagaya, muka shiga ta ƙofa,
muka zauna ƙarƙashin inabin da ba a dasa ba.
Wani ɓaure ya faɗo daidai tsakiyar tebur,
kare ya zo ya cinye.