Maiƙo

A Sinja, bayan masu gawayi,
Kawu Wakkala ya leƙa cikin bindigar sau biyu,
ya tabbata ba harsashi,
sannan ya naɗe ta da fatar akuya ya ɗaure a bais,
don kada ƙarfe ya ciji ƙarfe.

Ta Mu'azu ce, mai gadin dajin Dindir.
Ya ce tana shurinsa a kafaɗa kamar jaki,
ya zaro wata hular ƙarfe mai hudoji shida
daga cikin safa.

Na kai hannu zan murɗa mata.
Kawu ya doke ni da mafici.
"Shafa bakin tukuna."
Na shafa. Yatsana ya dawo baƙi, yana ƙyalli.
"Giris ɗin kamfani ke nan,
da man da Mu'azu ke ɗura mata duk Juma'a, wai ƙauna.
Gam ba ya zama kan maiƙo.
Yau ta yi maka kamar ta kama,
harbi arba'in ta fara rawa."

Ya miƙo min tsohon buroshin haƙori
da sipirit a murfin kwalba.
Na bi tiredin zobe-zobe,
kowane kwari da dauɗarsa.
Tsumman farko ya fito kamar gindin tukunya.
Na biyu kamar kogi in damina ta sauka daga Habasha.
Na ce ya isa.
Kawu bai ko ɗago daga jabanarsa ba.
Na uku. Na huɗu.
Sai da yankin tsohuwar jallabiyarsa
ya shiga fari ya fito fari,
sannan ya ce in koma cikin hular.

Muka zauna muna jira ya bushe.
Mu'azu na duba agogo,
motar Dindir na ta hon a tasha
har ta gaji ta tafi.

Ɗigo biyu kawai ya sa.
Ya fara murɗawa da yatsu, ido rufe,
yana saurare,
kafin sifana ta taɓa.

"Kada ka harba ta sai gobe."
Mu'azu ya saɓa ta, ya yi dariya:
"In Allah ya so, har baɗi ba za ta yi magana ba."

Ya kwana a shagonmu kan buhu.
Ni kuwa har isha'i ina bakin randa
ina neman fitar da baƙin daga ƙarƙashin farcena.