Yawun Tsutsa

Tun asuba nake gindin murhu a Sandrandahy,
tukunyar ruwan toka na tafasa, hayaƙi na cin idona.
Jiya Ralaivao ya sauko daga dajin tapiya
da buhu biyu na gidajen tsutsa,
ƙaiƙayinsu ya kumbura masa yatsu,
bai ko tsaya shan ruwa ba.

Fenosoa ce ta tarar da ni a haka,
jikata, mai karatu a Antananarivo,
da jan ƙurar hanya har a gira.
Ta tsuguna, ta leƙa tukunya, ta ce:
"Kaka, kin san me kike dafawa?
Abu biyu ne a bakin tsutsar nan,
ɗaya zare, ɗaya ƙaron da ke riƙe shi.
Dukansu furotin ne.
Toka na narkar da ƙaron, ta bar miki zaren."

Na ce, shekara hamsin ina raba su,
ba wanda ya taɓa faɗa mini sunansa.

Ba ta ji ba, baki ya riga ya buɗe.
Wai ƙumar da ke hana karenmu barci
da shi take tsalle,
wani ɗan danƙo ne a gindin ƙafarta,
ta matse, ta saki, sai ka neme ta.
Wai yana cikin harbin zuma,
yana cikin abincin da ke mai da 'yar tsutsa sarauniya.
Wai can inda ƙanƙara ke rufe ƙasa wata shida
akwai ƙwaron da jininsa ke ƙin daskarewa.
Nan na yi dariya har ludayi ya faɗi.
"Abin da ke cikin naman sa, Kaka,
danginsa ne a cikin wannan zare."

To, wannan na sani.

Na jawo ƙwaryar da na ware tun dare,
masu gidan da muka fitar daga gidajensu,
masu barci, ba fuka, ba ido.
Na soya su da gishiri, na zuba kan shinkafa.
Na ce, ci.
Shekarar da guguwa ta kwantar da gonakinmu
da waɗannan na tsayar da ubanki a kan ƙafarsa.
Ba mu da sa, ba mu da kaza,
daji ne ya yi mana mahauta.

Kakanki kaɗai ya ƙi.
Randriamaro, mai taurin kai kamar turmi,
ya ci gayan rogo wata uku, yana cewa:
"Ba na cin wanda zai tufatar da ni."

Ga shi kuwa.
Bana shekararsa bakwai a ɗakin dutse,
in sanyi ya shigo za mu buɗe ƙofa,
mu fito da shi ya sha rana,
mu naɗe shi da sabon mayafi.
Audiga ruɓewa take, yarinya,
wannan kuwa yakan jira ƙashi ya gaji.
Shi nake kaɗawa.
Kamu shida, kuma saura huɗu.

Ta yi shiru. Ta ajiye littafin kan turmi.
Ta ce in ba ta mazari.

Hannun alƙalami bai san abawa ba,
juyi uku, zare ya tsinke.
Na ce, kada ki ƙulla, ƙulli na cin mai barci.
Lasa yatsa, haɗa baki da baki, murza a cinya.
Ta lasa, ta murza, ya kama.

Ta daɗe tana duban yatsan,
yana ƙyalli kaɗan a hasken wuta.
"A cikin wannan ma akwai shi," in ji ta.

A jikin fitila wani faɗa-wuta na ta kewaya,
ɗaya daga waɗanda buhu bai samu ba.
Na kore shi waje da gefen zane.
Je ka, daji na can,
baɗi ma akwai wanda za a rufe.